Ra'ayinmu: Ciyawar golf ana auna mata ruwa, zogalen Jiratawa sai kintace

Kullum da sassafe, kafin 'yan wasa su iso, akwai ma'aikacin da ke zagaya filin golf a Amurka ko Sifaniya ko Dubai riƙe da wata sanda mai tsinkayen ƙarfe a gindinta. Yana tafe yana caka ta cikin ciyawa, taku kaɗan ya sake cakawa. Duk inda ya caka, lamba za ta fito a ɗan allon da ke kan sandar, ta nuna kashi nawa cikin ɗari na ƙasar wurin ruwa ne. Lambobin su wuce wayarsa, wayar ta zana masa taswirar filin: nan ya ƙoshi, nan yana jin ƙishi, can kuma an cika masa ruwa jiya. A gefen filin akwai ƙaramar tashar auna yanayi da ke lissafa ruwan da rana da iska suka shanye daga ƙasa da ganye cikin awa 24. Da dare kwamfuta za ta buɗe famfunan feshi ɗaya bayan ɗaya, kowanne da mintocinsa, ta mayar wa ciyawar abin da ta rasa kawai. Manyan filayen har jirgi maras matuƙi suke tayarwa, mai kyamarar da ke gano ciyawar da ta fara wahala tun kafin idon mutum ya ga ta canza launi.

Duk wannan ɗawainiya a kan ciyawar da ko akuya ba za a bari ta ci ba.

Mai karatu zai ce, to ina ruwan Maraɗi da golf? Gaskiya ne, wasan da wasu ke kira ƙwallon lambu ba namu ba ne. Ko filin Rio Bravo da ke wajen Yamai a kan yashi da tsakuwa ake buga shi, ɗan wasa yana yawo da guntun tabarmar ciyawar roba da zai ɗora ƙwallonsa a kai. Mu ma ba kira muke a yi wa Maraɗi filin golf ba, Allah ya kiyaye. Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda masu kula da wannan ciyawa ta nishaɗi suka mayar da awo al'ada, alhali lambunan da birni guda ke ci daga gare su, daga Jiratawa zuwa Tibiri, galibi da kintace ake shayar da su, kuma ruwan da ake jawowa daga ƙarƙashin Gulbin Maraɗi ba manomin da zai iya faɗa maka ko ƙaruwa yake ko raguwa, sai ranar da famfonsa ya fara jan iska.

Su ma masu golf ba don tausayin ruwa suka fara ba. Fari ne ya matse su a yammacin Amurka, kuɗin ruwa da na wuta suka hau, jama'a kuma suka fara tambayar dalilin da zai sa a hana su wanke mota a bar filin wasan attajirai yana shan ruwa. Binciken ƙungiyar masu kula da filayen golf ta Amurka ya nuna cewa a 2005 filayen ƙasar sun sha ruwa kusan kubik mita biliyan 3, amma a 2020 abin ya sauko zuwa kimanin biliyan 2, raguwar kashi 29 cikin ɗari ke nan. Wani ɓangare na raguwar saboda an rufe wasu filaye ne, amma kaso mafi yawa daga gyaran yadda ake shayarwa ya fito. Shahararren filin nan na Pinehurst mai lamba 2 da ke jihar Karolina ta Arewa, da aka yi masa kwaskwarima tsakanin 2010 da 2011, tumɓuke ciyawar gefe aka yi aka bar yashi da hakin daji, aka cire ɗaruruwan famfunan feshi, ruwan da yake sha ya ragu da fiye da rabi. Da aka buga babbar gasar Amurka a kansa a 2014, masu kallo sun yi ta ƙorafin cewa filin ya yi ja kamar ba a kula da shi. Hukumar wasan ba ta janye ba, a 2023 ma ta ware dala miliyan 30 da za ta kashe cikin shekara 15 don a ƙara rage ruwan.

A lura da wannan: babbar nasararsu ba daga na'ura mafi tsada ta zo ba. Awo ne ya nuna musu inda suke zuba ruwa a banza, suka daina.

Yanzu mu dawo gida. Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake fitowa, inda ake kiransa kogin Gada. Ya bi ta Jibiya a Jihar Katsina, ya shigo Nijar, ya ratsa ƙasar Madarunfa, ya wuce ta Jiratawa da birnin Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya ya faɗa kogin Rima. 'Yan watannin damina kawai yake gudu a fili. Sauran shekara ruwansa a ƙarƙashin yashi yake kwance, kuma wannan ruwan na ƙasa shi ne dukiyar yankin. Daga gare shi ne babbar gonar ban ruwa ta Jiratawa take sha, wadda aka shimfiɗa a farkon shekarun 1980, mai faɗin kimanin hekta 500, ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA da aka kafa a 1978. Ba madatsa ce ke ba ta ruwa ba, rijiyoyin burtsatse ne masu famfon lantarki, waɗanda mutanen wurin ke kira foraji. Tun bayan taron Zinder na 1982 aka miƙa ragamar irin waɗannan gonaki ga ƙungiyoyin manoma, su ke tara kuɗin ruwa, su ke biyan wuta, su ke gyara idan famfo ya ƙone. Duk wanda ya ci kwaɗon zogale a Maraɗi da rani, ko ya ga buhunan ganyen ana loda wa motocin Yamai, ya ɗanɗani ruwan waɗannan rijiyoyi. Ban da wannan babbar gona kuma, ga ƙananan lambuna birjik a bakin gulbi har Tibiri da gaba, kowa da 'yar rijiyarsa da ɗan injinsa, ana noman albasa da tumatir da tattasai da kabeji da salak. Birnin kansa, wanda ƙidayar 2012 ta ba shi mutum kimanin 267,000 kuma tun daga lokacin bai daina faɗaɗa ba, ruwan ƙasa yake sha. Tulu ɗaya ne, kowa da moɗarsa.

Bari mu yi ɗan lissafin da kowane ɗan makaranta zai iya bi. Ruwa mai kaurin milimita 1 a kan hekta 1 lita 10,000 ne, wato duro 50 na lita 200. A tsakiyar bazara, watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, rana da iska na iya shanye milimita 7 zuwa 8 a yini daga gonar da ganye ya rufe. Ke nan hekta guda tana neman duro 400 kowace rana. Idan aka ce duk hekta 500 na Jiratawa suna shuke a irin wannan rana, ana maganar lita miliyan 40 ne, kuma kowace lita sai wuta ta ɗago ta. Ruwan saman da Maraɗi ke samu a shekara kuwa bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba, cikin wata uku zuwa huɗu. Matasan da ke neman a shimfiɗa wa Dan Kasawa da Jangorzo ciyawa kore shar irin ta talabijin su ma su riƙe wannan lissafi: filin ƙwallo murabba'in mita 7,000 ne da 'yan kai, a bazara zai nemi duro kusan 300 a yini. Ba mu ce kada a yi ba. A dai san kuɗin kafin a yi alkawari.

Za a ce manomin Jiratawa ba baƙon ƙasarsa ba ne, shekara 40 yana ban ruwa, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Mun yarda, kuma duk injiniyan da ya zo da na'ura yana raina wannan sani zai koma da na'urarsa. Manomi yana dunƙula ƙasa a hannu ya gane damshinta, yana kallon ganye da hantsi ya san ko ya kwana da ƙishi. Sai dai ido saman ƙasa yake gani. Ba ya ganin abin da ke faruwa kamu ɗaya ko biyu a ƙasa, inda saiwa take. Sannan ba ma ido ne ke yanke hukunci ba a mafi yawan lokaci, tsarin ne. Inda ake ba da ruwa bi da bi, ranar da layi ya zo kanka za ka sha, ko shukar tana so ko ba ta so, domin ba ka san ko za a samu wuta a zagaye na gaba ba. Inda kuma ake raba kuɗin ruwa bisa faɗin gona, kamar yadda ake yi a galibin gonakin ban ruwa na ƙasar nan, wanda ya yi tsimi da wanda ya yi ambaliya kuɗi ɗaya za su biya. Wane mai hankali ne zai rufe ruwa da wuri a irin wannan hali? Ba laifin manomi ba ne. An ɗora shi ne a kan tsarin da ke saka wa mai ɓarna.

Kada mu yi ƙari a nan. Ruwan da ya wuce saiwa ya nutse ba duka ya salwanta ba, wani yana komawa cikin tulun da aka ɗebo shi. Amma wutar da aka biya aka ɗago shi ta tafi ke nan. Takin zamanin da aka saya da tsada shi ma ya bi ruwan ya nutse, shuka ba ta ci ba, kuma inda ya nufa shi ne ruwan da mutanen gari ke sha. Asara biyu a kan manomi, ta uku a kan maƙwabcinsa.

Batun wuta kuwa ba sai an tuna wa kowa ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse lantarkin da take sayar wa Nijar, wanda a lokacin shi ne kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi, kuma Maraɗi ta layin Katsina take samun nata. Sai a ƙarshen Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin. Noman ranin shekarar ya faɗo cikin wannan tsakani. Duk gonar da famfonta ke jiran lantarki ta koyi darasi, kuma darasin da kowa ya ɗauka shi ne a koma hasken rana. Daidai ne. Mu ma muna goyon baya. Amma a nan ne muke son 'yan'uwanmu mazauna waje su saurara da kyau, domin da yawa daga cikin faifan sola da famfunan da ake kafawa a bakin gulbi da kuɗin da kuke aikowa daga Legas, Abidjan, Agadas, Aljeriya, Saudiyya ko Faransa ake sayensu.

Takardar kuɗin wuta da kuɗin fetur, duk da zafinsu, su ne birki ɗaya tilo da ke hana a yi ta jan ruwa ba ƙaƙƙautawa. Sola ta cire wannan birki. Da an gama biyan kuɗin kafawa, daga fitowar rana har faɗuwarta ruwa kyauta ne a wurin mai gona, kuma abin da zai biyo baya sananne ne: a ƙara faɗin gona, a ƙara rijiya, maƙwabci ma ya yi tasa. Ko ingantaccen ban ruwa irin na ɗigo bai cika rage jimillar ruwan da ake ja ba idan babu mai ƙirgawa, domin abin da aka tsimi sai a buɗe sabon fage da shi. An ga haka a wurare da dama. A jihar Punjab ta Indiya, inda aka mayar da wutar famfon manoma kyauta tun 1997, ruwan ƙasa ya yi ta nisa har manoma suna sake zurfafa rijiya bayan 'yan shekaru, mai ƙaramin ƙarfi yana faɗuwa a hanya. Saudiyya, da ta taɓa fitar da alkama zuwa waje daga tsakiyar hamada, a 2008 ta fara janye hannu daga noman saboda ruwan ƙasarta ya kama hanyar ƙarewa. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Karin maganar ta yi gaskiya a zamanin guga da wasaki. Ba a yi ta da famfon da ke ja awa 8 a yini ba tare da gajiya ba.

Ba muna cewa ruwan gulbi ya kusa ƙarewa ba ne. Abin da muke cewa shi ne, amsar wannan tambaya ba a hannun waɗanda abin ya shafa take ba. Akwai rijiyoyin gwaji da ma'aikatar ruwa ke aunawa, akwai binciken da malaman Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai suka yi da takwarorinsu na waje a kan wannan kwari, wanda ya nuna yadda gudun gulbin yake da muhimmanci wajen sake cika ruwan ƙasa. Akwai cibiyar AGRHYMET a Yamai tun 1974 tana tara bayanan ruwan sama da yanayi, ga cibiyar INRAN a Tarna, a bakin Maraɗi, ga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a cikin gari. Ilimi bai yi ƙaranci ba. Amma yana cikin rahotanni ne da Faransanci da Ingilishi, a kan kanta ko a kwamfutar wani ofis. Ma'aikacin filin golf yana ganin lambarsa da safe ya yi aiki da ita da dare. Shugaban ƙungiyar manoma a Jiratawa yaushe rabon da wani ya kawo masa lamba a harshen da yake ji, a lokacin da za ta yi masa amfani?

Idan akwai garin da ya san farashin rashin awo a ƙasar nan, Tibiri ne. A 1985 aka fara ba garin ruwan famfo daga wata rijiya mai zurfi. Ruwa garau, ba wari ba ɗanɗano. Shekaru kusan 15 yara suna sha, haƙoransu suna rinewa, ƙafafun wasu suna lanƙwashewa, iyaye suna neman magani inda ba nan ciwon yake ba. Da aka gwada ruwan sai aka tarar sinadarin fuloraid da ke cikinsa ya ninka sau uku ko fiye abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi, wato miligiram 1.5 a kowace lita. Dubban yara abin ya shafa, ɗaruruwa suka naƙasa har abada. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam na FIDH da ANDDH sun fitar da rahoto a kai a 2002. Waɗannan yara yau magidanta ne, wasunsu ƙila suna karanta wannan sharhi. Gwajin da zai kare su ba ya buƙatar tauraron ɗan'adam. Kwalba ɗaya ce a kai ɗakin gwaji, a kuma faɗa wa mutane sakamakon. Yau da kowa ke haƙa rijiyarsa, kuma rijiyar gona ita ce ta shan masu aikin gonar da 'ya'yansu, muna tambaya: a cikin sababbin rijiyoyin da ke tsakanin Jiratawa da Tibiri, nawa aka kai ruwansu gwaji kafin a fara sha?

Akwai kuma lambar da ba a hannun Nijar kaɗai take ba. Madatsar Jibiya tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 140 a saman gulbin. Tun da aka kammala ta, yawan ruwan da ke isowa Maraɗi da lokacin isowarsa sun danganta da yadda aka buɗe ƙofofinta. Ƙasashen biyu sun sa hannu a yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan raba ruwan kogunan da suka haɗa su, kuma Gada da Gulbin Maraɗi na cikin waɗanda aka ambata da suna. Akwai ma hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya da ke Yamai tun 1971. To, bayan da dangantakar gwamnatocin biyu ta yi tsami a 2023, wa ke faɗa wa manomin Madarunfa ranar da za a sako ruwa da yawan da za a sako? Katsinawan Jibiya da Katsinawan Maraɗi dangi ne, kasuwa ɗaya suke ci, aure ɗaya suke yi. Sanarwar buɗe madatsa ba sirrin tsaro ba ce. Ko shugabanni ba sa gaisawa, injiniyoyin ruwa na ɓangarorin biyu ya kamata a bar su su yi waya. Kuma amfanin wannan bai tsaya ga rani ba. Ambaliyar 1945 ce ta tashi tsohon garin Maraɗi daga cikin kwari zuwa kan tudu, kuma ruwan da aka tafka a ƙarshen Agustan 2024, kimanin milimita 150 cikin ƙasa da awa biyu, ya kashe mutane aƙalla 15 a birnin. Sandar awo a bakin gulbi da mutum ɗaya mai waya a kowane gari na iya ba na ƙasa sa'o'in kwashe yara da dabbobi.

Me ya kamata a ɗauko daga filin golf, me ya kamata a bar musu? A bar musu kwamfutar da ke juya famfo dubu da na'urorin da sai an biya kuɗin rajista da dala duk shekara. Mun sha ganin irin wannan kyauta: a zo da mota mai tambari, a kafa na'ura, a ɗauki hoto, bayan shekara biyu aikin ya ƙare, batir ya mutu, wanda ya san lambar sirrin ya koma ƙasarsu. Duk na'urar da mai gyaran waya a babbar kasuwar Maraɗi ba zai iya buɗewa ya gyara ba, aro ce, ba tamu ba. Haka kuma duk wanda zai tara bayanan gonakin mutane ya ajiye a wata ƙasa, manomi ya koma yana roƙon a nuna masa lambar gonarsa, a gode masa ya wuce.

Abin ɗauka shi ne ɗabi'ar, kuma kayan aikinta ba su fi ƙarfinmu ba. Igiya mai alamar mita da ɗan ƙarfe a bakinta ta isa a san zurfin ruwa a rijiya. Ga kuma mitar ƙirga ruwa a bakin kowace foraji. Akwai wata 'yar na'urar auna damshi da masu bincike na Ostireliya suka ƙera mai suna Chameleon, wato hawainiya, wadda ba ta nuna lamba sam, fitila take kunnawa: shuɗi ƙasa ta jiƙe, kore da sauran damshi, ja ta bushe. An gwada ta da ƙananan manoma a Tanzaniya da Mozambik da Zimbabuwe, da yawansu suka gane ashe ruwan da suke bayarwa ya yi yawa, suka rage, rigimar layin ruwa ma ta ragu. Hotunan tauraron Sentinel-2 na Turai kyauta ne, duk kwana 5 yana ɗaukar kowace gona, haka ma shafin WaPOR na hukumar FAO da ke ƙiyasta ruwan da gonakin Afirka ke sha. Ɗalibin aikin gona a jami'ar Maraɗi mai kwamfuta da intanet zai iya fitar da taswirar Jiratawa irin wadda mai golf ke biyan kuɗi a yi masa. Kuma ba sai mun je nesa neman gwani ba. Ɗan ƙasar nan Abdou Maman Kané ne ya ƙirƙiro tsarin kunna famfon gona da kashe shi ta wayar salula, wanda ya ci masa babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na Biyu a 2015. Ƙungiyar RECA da majalisun manoma na jihohi kuma sun riga sun saba aika wa manoma shawara ta murya da Hausa a WhatsApp. Hanyar isar da saƙo tana nan, lambar da za a saka a ciki ce babu.

Wurin da abin zai yi wuya ba na'ura ba ne, kuɗin ruwa ne. Ranar da aka kafa mita aka ce kowa ya biya gwargwadon abin da ya sha, ranar za a ji hayaniya, domin akwai masu cin gajiyar duhun da ake ciki: mai gona a bakin famfo da ke sha ya ƙoshi kafin na ƙarshen layi ya samu, da mai hannu da shuni da ya haƙa rijiya mai zurfi ya bar na maƙwabta suna ƙafewa. Dokar ruwa ta 2010 ta riga ta tanadi cewa mai ɗibar ruwa da yawa ya sanar ko ya nemi izini, kuma ya ba da gudummawa gwargwadon ɗibarsa. Muna goyon bayan a yi aiki da ita, da sharaɗi ɗaya: a fara da manya. Idan aka fara da mai kwali huɗu na salak aka tsallake mai hekta 10, an kashe maganar tun ba a fara ba, kuma manoma za su ɗauki mita a matsayin sabon haraji, su yi mata abin da ake yi wa mai karɓar haraji. Shekara biyun farko ma a auna kawai, a liƙa sakamakon a bainar jama'a, kada a caji kowa ƙari. A bar mutane su ga lambar da idonsu, su yi gardamarta a dandali. Sarakunan Katsinar Maraɗi da na Gobir a Tibiri, waɗanda talakawa ke jin maganarsu fiye da ta kowane jami'in aiki, suna da rawar takawa a nan. Yankin da ya karɓi taron yaƙi da hamada na 1984, kuma manomansa suka koya wa duniya yadda ake rainon kututturen itace a gona har miliyoyin hekta suka sake yin kore, ba baƙo ba ne wajen sauya ɗabi'a idan ya ga amfanin da idonsa.

Ga ku da ke aiko da kuɗi kuma, buƙatarmu ƙarama ce. Idan ƙane ko baba ya kira ya ce a taimaka a haƙa rijiya a kafa sola, ku taimaka, amma ku sa abu uku cikin lissafin tun farko: kuɗin kai ruwan gwaji, kuɗin mita, da littafi guda da za a riƙa rubuta zurfin ruwan a ciki duk ranar Juma'a. Ku ce a riƙa turo muku hoton shafin kamar yadda ake turo muku hoton ginin da kuke yi. Matasan unguwa da ke zaune da digiri ba aiki kuma, ga aikin da ba ya jiran gwamnati: mutum 10 da igiya 10 za su iya ɗaukar rijiyoyi 50 daga Jiratawa zuwa Tibiri su riƙa aunawa, su miƙa wa sashen ilimin ƙasa na jami'a da gidajen rediyon gari. Wannan jarida a shirye take ta riƙa buga lambobin duk wata, kusa da farashin gero da canjin sefa. Awon farko a ɗauke shi a watan Oktoba, bayan ɗaukewar damina, lokacin da ruwan yake sama. Na biyu mai muhimmanci a ƙarshen Mayu, kafin ruwan fari ya sauka, da asuba, tun ba a kunna famfo ba.